Fis ɗin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Ranakun aiki da yawa sun bi ruwa, amma ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da oga ya kira ni ofis ya yaba mini ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen gyare-gyare na ofishinmu na ayyukan gona, sau ɗaya tak aka taɓa yaba mini, shi ma a kan aikin da yake tsakiyar lalacewa ne. Ku da kuka zo bayanmu kuna yawan ƙorafi wai ina ɓata muku lokaci idan na sa ku tsaya ku yi wa manomi bayanin kowace waya kafin ku rufe akwati. To, ku gyara zama ku ji dalili.

Lokacin ina mataki na bakwai, wato ƙaramin ma'aikacin fasaha. Ga waɗanda ba su san aikin ofis ba, wannan shi ne matakin da idan aiki ya yi kyau sunan oga ake rubutawa, idan ya ɓaci kuma sai a tuna akwai ka. Ogan sashenmu Injiniya Lawan ne, mutumin kirki, wanda rabonsa da riƙe sukuddireba tun ba a haifi wasunku ba.

A shekarar wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Zakirai ta samu irin tumatir mai jure zafi, gwangwani ɗaya, kuma an gaya musu babu wani sai baɗi. Suna so su yi reno a farkon watan Mayu, su dasa da ruwan farko, don tumatirinsu ya nuna a lokacin da ake nemansa ruwa a jallo. Duk wanda ya ji za a kunna wa tsiro fitila a ƙasar Kano dariya yake fara yi, kuma ban ga laifinsa ba, don ba rana muka rasa ba. Yawa ta yi. Irin da aka yafa a fili a wannan zafin, kwana uku ya isa ya soye. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana da sanyi, sai dai duhu. Saboda haka aka yanke a jera farantan reno a kanta shida cikin ɗaki, a rataya wa kowace kanta fitilun LED ja da shuɗi, sola ta cika batir, batir ya ba su wuta.

An rubuta takardar sayen na'urar da ke ba irin waɗannan fitilu wuta. Takardar ta tafi wani tebur ta kwanta, ina jin har yau tana can tana hutawa. A taron sashe ne bakina ya ja mini, na ce ai ni zan iya haɗa ta da hannu. Injiniya ya dube ni ya ce madalla, sai dai in sani cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bari in bayyana abin da na haɗa, don kowa ya bi labarin. Ƙwan LED ba ya sanin ya ƙoshi. Kamar tunkiya ce da ta samu buhun dawa a buɗe, ci za ta yi har cikinta ya kumbura ta mutu. Dole a auna masa wutar da za ta ratsa shi, wadda mu ke kira karan, ta tsaya a adadi ɗaya ko batir ya cika ko ya yi sanyi. Kowace kanta na yi mata layi na ƙwai takwas, na sa mata ɗan abu mai ƙafa uku da ake kira regileta, da rezisto guda ɗaya ƙarami. Rezistan nan shi ne mudun awo. Regileta shi take kallo, da ta ga karan ya kai ɗari bakwai a mitar auna wuta sai ta tsuke hanya. Guntayen murfin tukunyar alminiyam na yanka na ɗaura wa regiletocin don su sha zafi, na zuba komai a akwatin katako ɗaya.

Akwai abu ɗaya da ban rubuta a rahoto ba. Rezistocin da na samu a durowar wakshob ƙanana ne. Lissafi ya ce za su ɗauka, da ƙyar. Lissafi kuwa bai taɓa zama cikin akwatin katako a watan Mayu ba. Na san kamata ya yi in shiga Kano in nemo manya, amma ganda ta hana ni, na ce Allah ya kiyaye, na rufe akwati.

Ranar Asabar na kai kayan. Ɗakin na shugaban ƙungiyar ne, Alhaji Bukar, wanda kakansa ya zo daga Barno da fatauci ya zauna. Da na kunna, ɗaki ya yi wani haske mai ruwan hoda, marar ƙarfi a ido. Tsiro kam irin wannan yake so, amma ba tsiro ne ya cika bakin ƙofa yana kallo ba. Wani ya ce ko batirin ne bai cika ba. Wani ya ce tocilan ɗinsa ta fi wannan. Alhaji ya yi godiya irin wadda ake yi wa wanda ya kawo tuwo ba miya.

A cikin masu kallon akwai wani dattijo, Malam Isyaku mai gyaran rediyo, yayan matar Alhaji. Ya haura shekara sittin, kuma duk rediyo da talabijin da tocilan na wannan yankin sun taɓa kwana a rumfarsa. Shi kaɗai ne bai kalli fitilar ba, akwatin yake kallo. Ya sa ɗan yatsa kusa da rezisto ɗaya ya tambaye ni, cikin ladabin da ya fi ƙarfin shekaruna, wannan mene ne aikinsa a nan.

Na ce, "Baba, wannan constant current ne, ba irin na rediyo ba ne. Kada dai kowa ya taɓa."

Ya ce to. Na hau babur na tafi ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgin sama.

Kwana tara bayan nan, ranar Litinin ɗin da na faɗa muku, Alhaji ya buga wa Injiniya waya yana murna. Wai fitila ta warke, yanzu ko allura ka yar a ɗakin za ka tsinta, jama'a har daga maƙwabtan ƙauyuka suna zuwa kallo. Injiniya ya kira ni ya ba ni hannu, ya ce shi dama tun farko ya san zan iya, kuma zai sa a rahoton wata cewa sashe ya yi nasara a ƙarƙashin jagorancinsa.

Ku duba nan da kyau. Na haɗa na'urar da duk aikinta a duniya shi ne kada haske ya canja. An ce mini haske ya ninka. Ko ɗan koyo ya san ruwa ba ya tsami banza. Amma yabo yana da daɗi, ni kuma ban saba da shi ba, sai na ce wa zuciyata wataƙila ƙura aka goge. Na yi godiya, har da sunkuyar da kai.

Ranar Alhamis da hantsi wayar ta sake zuwa. Kanta uku sun mutu, sauran ukun kuma da rana ta take sai su riƙa ƙyaftawa. Nan take Injiniya ya tuna cewa wannan shawarata ce ni kaɗai, kuma shi dama bai natsu da ita ba. Ya ba ni zuwa Litinin, in ba haka ba takardar tuhuma tana jirana. Takardar ba ita ta tayar mini da hankali ba. A wannan yankin gona ba ta da faɗi, kowane taku akwai mai shi, kuma kowane gida a ƙungiyar ya ware wani yanki ya ƙi shuka komai yana jiran dashen tumatir. Idan renon ya mutu babu wani iri, babu kuma lokacin sake wani.

Na isa bayan azahar. Na shiga ɗakin. Tsiron kantoci biyu ya yi tsawo, ya yi fari, ya rusuna wajen ƙofa yana neman haske. Na tambayi Alhaji yaushe waɗannan suka mutu. Ya ce tun Talata. Na ce me ya hana a gaya mini. Ya ce ai jiya-jiya aka yi mini albishir, bai ga ya dace a biyo ni da mummunan labari da wuri haka ba. Kun ji kara. Tsiro yana mutuwa, ana tausaya wa zuciyata.

Ƙa'idar neman matsala ita ce ka fara daga inda wuta ke fitowa, ka bi ta har inda take ƙarewa. Na auna batir, lafiya lau, ya cika har yana neman bolt ashirin da takwas. Na bi wayoyi, babu wadda ta tsinke. Na duba mahaɗai, babu wanda ya saki. Na haska ƙwan da suka mutu, kowane layi akwai ɗaya ko biyu da baƙin ɗigo a tsakiya, alamar ƙuna. Sai na yi abin da kowane mai gyara yake yi idan ya rasa ta cewa, na ɗora wa ɗan kasuwar da na sayi kayan a wurinsa laifi. Na ce jabun kaya ya sayar mini, na ja masa Allah ya isa a gaban jama'a, bawan Allah yana can Kano bai san hawa ba bai san sauka ba. Na cire regiletar kanta ɗaya na sa sabuwa. Babu abin da ya canja.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na yanke layi ɗaya mai rai na ratsa mita a tsakani. Inda ya kamata in ga ɗari bakwai, na ga dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗoriya. Na buga mitar a tafin hannu, don a ganina ita ce ke ƙarya. Ta maimaita. Na ɗora tsinkayen mita a ƙafafu biyu na rezisto, inda dole a ga bolt ɗaya da kwata. Sifiri. Na gwada na biyu, sifiri. Duk shidan sifiri, ga su kuma sun yi baƙi ƙirin, launin jikinsu ya ƙone.

Na kwance allon na juya bayansa. A ƙarƙashin kowane rezisto an shimfiɗa siririn zaren tagulla daga ƙafa zuwa ƙafa, an liƙe da dalma. Wato wuta ta samu hanyar da za ta kewaye mudu, regileta ta ga kamar ba a auna komai ba, ta buɗe ƙofa gaba ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kyan aikin. Ɗigon dalmar nan sumul, yana sheƙi, duk girmansu ɗaya. Kusa da su nawa liƙin kamar kashin kaji.

Na ɗago na tambayi wanda ya taɓa akwatin. Mutum ya fi ashirin a bakin ƙofa, amma kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce Malam Isyaku ne ya ɗan taimaka. Dattijon ya matso ba tare da wata fargaba ba. Ya ce ya shigo ne ya ji ƙauri, ya taɓa abin ya ƙona masa yatsa. Ya auna da mitarsa mai allura ya ga kusan babu komai a cikinsa, irin ƙananan nan ne da ake sa wa talabijin a madadin fis, kuma shekara arba'in idan suka ƙone ɗaure su yake yi da waya. Ya ga tunda ɗaya ya fara, gara ya yi wa duka shidan, don kada a wahalar da ni da zuwa. Jama'a suka gyaɗa kai. Wani ya ce Allah ya bar mana Malam.

Abin da ke bakina a lokacin, da na faɗe shi da ban sake shiga garin nan ba. Amma ba a yi wa mai furfura tsawa a gaban surukinsa da 'ya'yan cikinsa. Na haɗiye, na ce Allah ya saka da alheri, haƙorana a cije.

Na ciro zaren tagullar ɗaya bayan ɗaya. Ƙwan da na zo da su sun isa in tayar da kanta ɗaya kawai, sauran biyun dama tsironsu ya riga ya tafi. Da na kunna, hasken nan marar ƙarfi ya dawo, mita ta zauna a ɗari bakwai daram. Ina jin wani a bayana yana ce wa na kusa da shi, a hankali, ga shi nan ya sake ɓata ta.

Wannan maganar na tafi da ita gida. Na tabbata ina juya baya za a sake gyara mini. Ranar Juma'a na wuni a wakshob ina ƙulla dabarar da a lokacin na ɗauka ta fi kowace dabara. Na samo gidan fis na wani tsohon janareta, babba mai gilashi. Na yanka farantin ƙarfe da zan rufe allon ciki da shi. Fis ɗin zan kafa shi a gaban akwati, in rubuta masa suna da jan fenti, in zura wayoyinsa biyu ta rami in ƙulle su a ciki ba tare da sun taɓa komai ba. Mai son gyara ga abin gyara nan, ya ɗaure shi da waya har ya gaji.

Asabar da safe na kafa shi. Mutane sun tafi gyaran gona, ɗakin babu kowa. Ina cikin ɗaure kusa ta ƙarshe sai ga sallamar Malam Isyaku, riƙe da wani tsohon gwangwanin madara. Muka gaisa. Ya tsuguna ya dubi sabon fis, ya karanta jan rubutun. Sai ya sa yatsu biyu ya zare shi. Fitilu huɗu suka ci gaba da ci abinsu. Ya dubi fis ɗin a hannunsa, ya dubi fitilun, ya mayar da shi a hankali.

Ya ce, "Wannan ba ya zuwa ko'ina. Don ni ka sa shi?"

Na yi shekaru ina shan faɗan ogogi, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba.

Ya ce, "Ran da ka kawo, na tambaye ka aikinsa. Da ka faɗa mini da Hausa, ina jin da na gane."

Na zauna a ƙasa na cire farantin ƙarfen da na rufe allon da shi. Na yi masa bayanin da na yi muku ɗazu, na tunkiya da mudu, na nuna masa a mita. Bai kai minti biyar ba. Sai ya ce ashe gindin mudu ya huda, shi ya sa awo ya yi albarka. Daga nan ya ce amma fa ko mudu ne, abin da ke ƙona yatsa ba lafiyayye ba ne, kuma waɗannan da na bari ba za su kai ƙarshen wata ba. Gaskiyarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ni na tsaga bangon tun a wakshob.

Ya juye gwangwanin a kan tabarma. Manyan rezistoci ne farare masu kama da guntun alli, waɗanda ya ciccire daga matattun talabijin shekara da shekaru. Muka riƙa aunawa muna haɗa biyu-biyu har muka samu adadin da ake so sau huɗu. Ya aika aka kawo kaskon gawayi, ya sa ƙarfen dalmarsa a wuta. Ni mai takardar makaranta aikina riƙe masa allo, shi yana liƙi. Kafin la'asar kowace kanta tana kan ɗari bakwai, kuma ka ɗora yatsa a kan rezisto sai dai ka ji ɗumi.

Na ɗauki sukuddireba zan kwance fis ɗin ƙaryar, don ganinsa ma ba na son yi. Ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Bar shi. Ba ni kaɗai ke da waya a garin nan ba."

Ruwa ya sauka a tsakiyar watan Yuni, na koma ranar rabon dashe. Kantoci huɗu sun yi kore shar, ƙafar tsiro kakkaura. Malam Isyaku ya ja ni gefe ya ba ni rahoto. Sau biyu aka gyara fis ɗin. Na farko Alhaji Bukar ne da kansa, da takardar azurfar cikin kwalin magani. Na biyu wani malamin makaranta ne, da ƙusa. Dukansu sun shaida wa jama'a cewa haske ya ƙaru, kuma babu wanda ya musa. Injiniya kuwa ya sake tunawa cewa aikin a ƙarƙashin jagorancinsa aka yi, takardar tuhuma ta bi sahun takardar sayen kaya.

Sai dai an shuka kanta shida, huɗu za a raba. Kowane gida aka rage masa, duk da haka lissafi ya ƙi cika. Ana cikin ja-in-ja Malam Isyaku ya ce a cire sunansa, shi ya huda mudu. Na tashi na ce ba haka ba ne, na faɗi maganar ƙananan rezistoci da tambayar da na ƙi amsawa, a gaban kowa. Aka saurare ni da ladabi, aka ce Allah sarki, yaron yana da kirki, yana rufa wa dattijo asiri. Aka cire sunan Malam Isyaku. A wannan damina, yankin da ya ware wa tumatir wake ya shuka a ciki, a makare.

Abin da na koya ke nan. A wannan sana'a ba kasafai mugu ke ɓata maka aiki ba. Mai son taimako ne, wanda ya ga hayaƙi ya kasa wucewa, kuma a ƙauyukanmu kowa mai taimako ne. Kwaɗo da jan fenti ba sa hana shi, sai dai su nuna masa inda zai fara. Abin da ke hana shi, ya san abin da ke cikin akwatin. Saboda haka idan dattijo ya nuna abu ya tambaye ku aikinsa, ku ajiye Turancinku ku tsuguna ku faɗa masa. Ni na yi rowar minti biyar, wani ya biya da daminar shekara guda, kuma har yau idan na je garin shi ke fara tasowa ya gaishe ni.